Gaisuwar da hadari ya cinye

Akwai wata rana da yammaci a Haɗeja, tun Turawa ba su tafi ba, da har in mutu tana raina. Abin ya faro ne ran da na hango wata siririyar waya an ɗaure ta daga kan tsamiya zuwa soron ma'aikacin gidan waya. Na tambaya, aka ce ta rediyo ce.

Lokacin ina ɗinki, kaina cike da labaran soyayya. Akwai wata yarinya 'yar masunta, mutanen Guri da suka yi zango a bakin kogi, tana kawo kifi kasuwa. Na kasa yi mata magana. Sai na rubuta wasiƙa gidan rediyo a gaishe ta a shirin gaisuwa, don in yi abin da ba a taɓa yi ba. Ranar shirin na lallaɓa yayanta ya zo da ita gidan ma'aikacin bayan la'asar.

Sama garau take, amma da aka kunna akwatin sai ƙara kamar ana suyar ƙosai. Murya ta zo, ta tafi.

"Malam, ya lalace ne?" na tambaya.

Ma'aikacin ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, tela. Muryar nan sai ta hau can sama da gajimare, ta bugi wani rufi na iska, sannan ta sauko mana. Rufin yakan yi motsi, sai ta dushe. Wannan ƙarar kuwa walƙiya ce. Akwai hadari a gabas, ido bai kai ba tukuna."

Yayan ya miƙe. "Hadari? Kifin sati guda na bari a shanya!"

"Yaya, minti biyar kawai," na roƙe shi.

"Gaisuwarka za ta busar min da kifi? Ke, taso mu tafi."

Ta bi shi, ko waiwaye babu. Sun kwashe kifin kafin ruwa ya sauko. Ni kuwa na zauna har ƙarshen shirin, ban san ko an karanta gaisuwar ba. Da kaka suka tashi, ban sake ganinta ba.

Bayan shekaru na ji yayan ya sayi rediyo, amma ba ya sauraron komai sai ƙarar. Har ya tsufa masunta wurinsa suke tambaya kafin su shanya kifi.

Ni abin da na koya: maganar da baki zai iya faɗa a kasuwa, kada a aika ta ta sama.