Bijimin da ke Cikin Faifan Baba

Tun ina ƙarami akwai wata waƙa da Baba yake bi da fito idan ya hau keken ɗinki. Tela ne a Ƙanƙara, amma a Kaduna ya koyi aikin yana saurayi, kuma a shagon maigidansa na can ya ji ta. Bai san sunanta ba, bai san mai ita ba, Turancin cikinta ma ba ya ji. Abin da ya riƙe kawai shi ne faifan ƙarami ne, takardar tsakiyarsa rawaya ce, mawaƙin kuma namiji ne mai kaurin murya, "kamar bijimi ya ci ya ƙoshi," in ji shi.

Ina jin wannan ne ya jefa ni cikin tara faya-fayan garmaho, ko da yake ba zan rantse ba. Da na gama jami'a na dawo gida ina jiran aiki, sai na sayi tsohon garmaho a wajen wani mai gyaran rediyo. Daga nan na shiga bin ƙananan faya-fayan baƙaƙen Amurka, masu waƙa ɗaya a kowane gefe, irin kiɗan da ake kira sol da fank. Ranar kasuwar Faskari nakan bi rumfunan 'yan gwangwan ina tambaya, suna yi mini kallon wanda karatu ya taɓa. In na samu ɗaya nakan daɗe ina jujjuya shi. Wa ya kawo shi nan? A gidan bikin wa aka taka shi? Akwai wanda na tarar an karce masa "ba a aro" da ƙusa.

Duk wanda na samu mai muryar namiji sai in sa wa Baba. Ya karkata kunne, ya girgiza kai. A lokacin idanunsa sun dushe har ya bar ɗinki, fiton ma ya fara gajarcewa. Yakan kai tsakiya ya tsaya yana lalube, sai ya koma farko. Abin ya tsorata ni, domin a iya sanina waƙar nan ba ta ko'ina sai a bakinsa.

Wata rana ya tuna cewa da maigidansu zai tafi aikin hajji ya rabar da faya-fayansa, don bai dace a ce Alhaji ne da kayan rawa a ɗaki ba. Abokin Baba da suka koyi ɗinki tare shi ya kwashe su, daga baya ya koma noma a wani ƙauye kusa da Sabuwa.

Na daɗe ina juya tafiyar. Hanya ba kyau, kuma kowa ya san halin da dajin yake ciki. Na tambayi direbobi, na koma na sake tambayarsu, sannan na bi motar 'yan kasuwa da hantsi.

A fadama na sami Malam, abokin na Baba, shinkafarsa ta fitar da kai. An ja igiya daga wannan sanda zuwa waccan, ga faya-fayan nan rataye ta ramin tsakiyarsu, suna juyawa a iska suna ɗaukar ido. Na gaishe shi, na faɗi ko ni ɗan wane ne, amma idona na kan igiya.

"Malam, waɗannan fa?"

"Masu gadina ke nan. Ba su ci, ba su gyangyaɗi." Da na faɗi abin da ya kawo ni ya yi dariya har da tari. "Ashe ubanka har yau bai girma ba? Tsoho da jikoki, mi zai yi da kiɗan rawa?"

Ya ce ba zai kwance su ba sai an yanke shinkafa, don tsuntsayen jan-baki ba su san abota ba. Ni kuwa ina kallon yadda rana ke dukansu, na san kafin girbi wataƙila babu mai sauran amfani. Na koma cikin Sabuwa, na roƙi wani mai tura finafinai matattun faya-fayan sidi, na kawo masa. Ya ɗaga ɗaya a rana, hasken ya mare shi a ido.

"To, wanga ya fi naka tsiwa. Kwashe tsofaffinka."

Ruwan damina ya cinye takardun duka, babu rawaya babu ja. Wasu sun lanƙwashe kamar busasshen ganye. A gida na wanke su a hankali, na danne masu lanƙwasar tsakanin gilasan taga biyu, na ɗora littattafaina a kai. Dabara ce da na karanta, ban da tabbacin daidai na yi ta, amma yawancinsu sun kwanta.

Bayan la'asar na shimfiɗa wa Baba tabarma a zaure, muka fara bi ɗaya bayan ɗaya. Allura na tsalle, kiɗa na fita cikin ƙara kamar ana suya. Kowanne sai ya ce ba shi ba ne. Can na sa wani, sai muryar mace ta fito, siririya, tana gudu kamar an biyo ta. Na miƙa hannu zan ɗage allurar, sai na ga Baba yana shafa jikin garmahon, yatsansa ya tsaya a kan wani ɗan maɓalli.

"Wanga kuma na mi ne?"

"Na gudu ne, Baba. Ƙananan faifai a arba'in da biyar ake sa su, manya a talatin da uku."

"Na shagonmu karyewa ya yi. Tsinken ashana muka cusa a wurin."

Kafin in ce kada ya taɓa, ya tura shi. Kiɗan ya ja da baya, gangar ta yi nauyi, muryar matar ta nutse ta yi kauri, sai ga bijimi a zaurenmu.

Baba ya karkata kunne. Ƙafarsa ta dama ce ta fara motsi a kan tabarma, gaba da baya, kamar tana kan matakin keke. Sai fiton ya biyo. Ya kai inda ya saba tsayawa, ya wuce, ya bi ta har allura ta kai ƙarshe.

Na yi ta shawara da zuciyata kafin in yi magana.

"Baba, ina ganin, in ban yi kuskure ba, mai waƙar nan mace ce. Garmahonku ne yake jan ta a hankali."

"Mace?" Sai ya fashe da dariya. "Kada ka kuskura ka faɗa wa tsohon nan na Sabuwa. Shi ne yake kumbura wuya yana kwaikwayonta a gaban 'yan mata. Maido ta farko."

Na maido ta. Daga baya na saurare ta ni kaɗai a gudunta na gaskiya. Waƙa ce mai daɗi, ina jin ma ta fi daɗi a hakan, sai dai ban gane ta ba. Har yau ban san sunan matar ba, ina dai tambaya. Maɓallin kuwa na bar shi inda Baba ya tura shi, don yanzu da kansa yake laluben allurar bayan la'asar.