Ɗan Dakon Zaurenmu

Bara wata Bayarabiya mai ɗaukar hoto ta yi sallama a shagona ta miƙo mini wani hoto. Ta ce da daɗewa ta bi lungunan unguwarmu ta Sabo tana ɗaukar mutane a bakin sana'arsu, yanzu kuma tana mayar wa kowa hotonsa.

Ƙofar gidanmu ce, tun kafin a rushe shi a gina shaguna. Ga Inna tana suyar waina, hayaƙi ya rufe mata rabin fuska. Amma idona ya kafe ne a kan wani ɗan dako da ke zaune a gefe, gammonsa a gwiwa. Shekara da shekaru yana kwana a zaurenmu, yana dakon albasa a kasuwar Bodija. Da ya rasu mu muka binne shi, don ba wanda ya san garinsu.

Matar ta ce, "Alhaji, yaya sunansa?"

Na buɗe baki, sunan ya ƙi zuwa. Na zaga da hoton gida-gida, kowa ya gane fuskar, ba wanda ya tuna sunan. Hoton yana rataye a shagona yanzu, kuma duk inda na tsaya sai in ga kamar ni yake kallo.