Awon Ranar Kasuwa

Shekaru sun ja, amma ranar da wata baƙuwa ta zauna kan tabarmata tana tambayata, ba za ta fita raina ba har abada.

Lokacin gubar dalma ne, muna wani ƙauye bayan Anka. An sami gubar a jinin ɗiyata, aka ɗora ta kan magani, aka ce mu riƙa komawa asibiti awo. Sau biyu muna saɓa rana. Ma'aikaci ya ce in muka ƙara, wata yarinyar za a ba gurbinta.

Ana haka sai ga wannan mata a kan mashin ɗin kabu-kabu, zanenta duk laka. Ta ce gwamnati ta turo ta, aikinta duba yadda ake gudanar da abubuwa a gyara. A ofis an gaya mata matan ƙauye ba su damu da 'ya'yansu ba, shi ne ta ce sai ta bi hanyar da muke bi tukuna.

"'Yar'uwa, me ke hana ku zuwa?"

Inna ta amshe: "Ke dai ga ki da takalmi ɗaya a hannu, kina tambaya!"

Ta yi dariya har da hawaye. Nan bakina ya buɗe. Na ce ranar da suke rubuta muna a kati, maza na gona, mashin na gona, mace kuwa ba ta kama wannan hanya ita kaɗai. Ranar kasuwa ce kowa ke shiga gari. Mi zai hana a maida awo ranar, kowane ƙauye da layinsa?

Ta ajiye biro, ta dube ni. "Wata uku muna taro a kan wannan. Ina kika yi karatu?"

Na ce sakandare na gama.

Ba a yi sati uku ba aka sauya tsarin. Ɗiyata ba ta sake saɓa awo ba, har Allah Ya ba ta lafiya.

Kafin matar ta bar yankin ta dawo. Ta ce in bi ta Gummi da Bukkuyum, in riƙa shiga gidaje ina saurarar mata. Maigida bai hana ba. Ni ce na dubi yarinya, ko tsayuwa ba ta yi sosai ba, na ce a bari sai baɗi. Baɗin nan an yi mata canjin wurin aiki, ban sake jin ɗuriyarta ba.

Ban yi nadama ba, Allah Ya sani. Amma ko yau in na je asibiti na ga mata jibge a rana, sai in kama kaina ina tsara layin a zuci: waɗannan a fara da su, garinsu da nisa.

Ina yi mata addu'a duk inda take. A wurinta na koyi cewa kafin ka ce mutane sun ƙi abu, ka je ka taka hanyarsu da ƙafarka.