'Yan Jaje a Zauren Direbanmu

Na daɗe ina aikin jinya a wani asibiti a Talata Mafara, kuma na ga abubuwa da yawa waɗanda yanzu ko an matsa mini ba zan iya tuno su ba. Amma abin da ya sami direban motar asibitinmu, wannan kam yana nan daram a raina, ba na jin zai gushe har in koma ga Mahaliccina.

Kafin abin ya faru an taɓa tura ni wata bita. Aka haɗa mu ɗaki guda da sojoji da 'yan kwana-kwana da masu kula da haɗurran hanya, wai za a koya mana yadda ake tallafar abokin aiki idan ya ga tashin hankali a bakin aiki. In faɗi gaskiya, ni shinkafar rana ce ta kai ni. Ni mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, in na ɗan jima a kujera sai ƙafata ta kama rawa. Malamar tsohuwar nas ce ta soja, 'yar gajeriya, ba ta ɗaga murya. Wani saje ya miƙe ya ce mata soja ba ya tsoro, wannan karatun na farar hula ne. Ta dube shi ta ce, "To madalla. Matarka fa, me take cewa game da barcinka?" Saje ya koma ya zauna, ni ma ƙafata ta daina rawa. Abin da ta fi nanatawa shi ne kada a matsa wa mutum ya yi ta maimaita abin da ya gani. A zauna kusa da shi, a lura da barcinsa da cin abincinsa, in abin ya ƙi sauƙi a raka shi wurin likita.

Direban namu mutumin Bakura ne, dogo, mai barkwanci, bai taɓa kirana da sunana ba sai dai bokan Turai. Wata ranar Talata da hantsi ya ɗauko wata mata daga Maradun, naƙuda ta zo mata da gardama. A hanya ya faɗa cikin ɓarayin daji sun tare mutanen da ke zuwa kasuwa. Harsashi ya tarwatsa gilashin baya, ya sunkuyar da kai ya take mota, bai tsaya ba sai a ƙofar asibiti. Aka yi wa matar aiki, ita da jaririyarta suka rayu. Wasu kuwa kwanansu ya ƙare. Da la'asar sojoji suka kawo mana gawarwaki, cikinsu har da wani saurayi ɗan Dosara, wanda ya ɗauko buhun tattasai a babur zai kai kasuwa.

Aka ba direba hutu ya tafi gida. Bayan 'yan kwanaki na hau mota na nufi Bakura in duba shi.

Tun daga nesa na hango takalma jibge a ƙofar zaure. Kun san al'adarmu, wanda ya tsallake rijiya da baya dole a je masa jaje, kuma abu ne mai kyau, ban taɓa cewa ba shi da kyau ba. Na tarar da shi a tsakiyar tabarma, baffansa na gefe yana karɓar baƙi. Duk ayarin da ya shigo sai a yi gaisuwa mai tsawo, a ce barka da arziki, a yi addu'a, sannan wani ya gyara zama ya ce, "To, yaya abin ga ya hwaru?" Shi kuma ya ɗauko tun daga fitowarsa Maradun har ƙarar bindiga. Suna fita wasu na shigowa, a sake sabon lale. Kafin azahar na ji labarin har na haddace shi.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ni hannunsa na tambaya. Duk sanda ya zo daidai wurin harbi sai yatsunsa su damƙi bakin tabarma, gumi ya tsattsafo masa a goshi, murya kuwa ta bushe ƙayau, kamar mai karanta abin da ba nasa ba. Mutane na ta cewa, "Wallahi kai namiji ne! Jarumi ke nan!" Can wani babur ya yi tusa a waje. Direba ya yi zumbur ya miƙe, ya yi fatali da kwanon fura. Aka yi dariya, aka ce har yanzu jinin bai kwanta ba. Ni ban ga abin dariya ba.

Na nemi izini na leƙa cikin gida na gaida maiɗakinsa. Daga bayan labule ta ce mini, "Malam, ba shi barci, ba shi cin abinci. In baƙi sunka watse sai ya zagaya ya yi ta amai. Jiya ya ce min shi da tuƙi har abada." Wannan mutum tuƙin nan shi ne cinsa, shi ne shansa, shi ne abin taƙamarsa. Kuma ba tuƙin kaɗai nake tsoron ya rasa ba, na ga alamar hankalinsa ne ke neman suɓucewa a gaban idonmu, mu kuma muna ta yi masa barka.

Na ja baffan gefe, na durƙusa, na ce, "Baffa, don Allah a ɗaga mai ƙafa. Labarin nan da shika maimaitawa shi ka cin shi."

Tsohon ya dube ni sama da ƙasa. "Kai yaro, zumunta a ƙahwa take. Mutum ya taso tun daga Damri cikin wanga hali, in ce mai mi? Ya koma? A ce gidanmu an yi girman kai?"

Na ce, "Ba korar kowa za a yi ba. Baffa, in mace ta haihu anka zo barka, ita ka hitowa ta ba kowa labarin naƙuda?"

Ya ja tsaki ya ce mu 'yan boko ba mu da ta ido. Raina ya ɓaci, na ji kalamai sun taru a bakina, na haɗiye su da ƙyar. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "To na ji. Amma in wasu sunka shigo, kak ka dubi bakinai, ka dubi hannunai." Na yi sallama na tafi.

Washegari na kasa aiki. In ɗauki allura in ajiye, in fita baranda in dawo, har wata abokiyar aikina ta ce ko ƙudan zuma ne a rigata. Ina tashi na sake kama hanyar Bakura. Na tarar zaure cike, direba ya ɗauko labari ya kai tsakiya. Baffa bai ko kalle ni ba, idonsa na kan tabarma, inda yatsun nan suka damƙe. Sai kawai tsohon ya yi gyaran murya ya ce, "Ya isa haka. Tashi ka shiga ciki. Jama'a, ni ka ba ku sauran."

Daga ranar Baffa ya zama mai karɓar jaje. Ya sa aka shimfiɗa masa buzu a bakin zaure, duk wanda ya zo ya amsa gaisuwa, ya ba da labari a madadin ɗansa. Allah ya jiƙan tsohon nan, a bakinsa ɓarayin kullum ƙaruwa suke yi, motar asibiti kuwa har tashi sama ta yi ta tsallake wani kwalbati. Babu wanda ya yi fushi, wasu ma sun fi jin daɗin nasa.

Ni kuma duk ranar da ba ni da aiki sai in je, ni da direba mu zagaya bayan gari mu zauna a bakin gonar shinkafarsu. Aiki mafi wuya da na taɓa yi ke nan, ni da ba na iya zama, ga shi an ce in zauna in yi shiru. Mu yi hirar taki, mu yi ta tsuntsayen da ke cin shinkafa, wani lokacin ba mu cewa komai. Tambayoyi na ta yi mini ƙaiƙayi a harshe, ina danne su. Ya fara cin abinci kaɗan-kaɗan, amma barci bai dawo ba.

Wata ranar yana tsinkar ciyawa bai dube ni ba ya ce, "Bokan Turai, labarin da nika ba su, da saura."

Na ce ina jin sa.

Ya ce saurayin nan mai tattasai, lokacin da ya zo wucewa yana kwance a gefen hanya, da ransa. Ya ɗago hannu, suka haɗa ido. Akwai wuri a motar. Bai tsaya ba. "Duk wanda ya ce min jarumi, hannun nan nika gani. Mutum nawa sunka zo, kowa harbi shika son ji, kowa yabo shika yi. Ta ina zan hwara hwaɗin wannan?"

Saura ƙiris in ce masa ƙaddara ce, ba laifinsa ba ne, ya manta kawai. Abin da kowa zai ce ke nan, kuma da na faɗa da na rufe masa baki. Na ce, "Wannan kaya ne mai nauyi, kuma kai kaɗai kake ɗauke da shi tun ranar." Ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka, irin kukan da babban mutum ke yi, mai girgiza kafaɗa. Da ya lafa ya ce yana son ya je Dosara ya yi wa uban yaron ta'aziyya.

Nan hankalina ya sake tashi, don wannan ba a koya mana a bita ba. In uban yaron ya tsine masa fa? Na buga wa malamar waya. Ta tambaye ni shawarar wa ce, na ce tasa ce. Ta ce, "To kada ka hana shi, kada kuma ka yi masa alkawarin yadda za a karɓe shi. Ka gaya masa gaskiya, in ya ce ya ji ya gani, ka raka shi." Na gaya masa, ya ce ko mari ne yana so ya je ya karɓa.

Muka shiga motar haya da safe, lokacin da hanya ke da mutane. Karonsa na farko ke nan a kan hanyar tun da abin ya faru. Da muka zo daidai wurin sai ya damƙe mini gwiwa, har washegari ina jin zafin yatsunsa. Ni ma ba lafiyar Allah nake ba, idona na kan kowane kurmi.

Muka sami uban yaron, wani tsoho, a gindin bishiya a ƙofar gidansa, yana gyara ƙotar fartanya. An daɗe da tashi daga zaman makoki. Muka gaisa, muka yi masa ya haƙuri, ya ce da godiya. Sannan direba ya faɗi ko shi wane ne. Tsohon ya ajiye fartanya a hankali.

"Kai ka gan shi da rai?"

"Na gan shi, Baba."

"To gaya min. Tun da abin ga ya hwaru kowa zuwa shikai ya ce in yi haƙuri. Babu wanda ya san komi. Gawa kawai anka miƙo min."

Direba ya ba da labarin. Na ji shi a bakinsa ya fi a ƙirga, amma wannan karon daban ne. A hankali ya yi shi, yana tsayawa yana share hawaye, bai tsallake hannun ba, bai tsallake cewa akwai wuri a mota ba. Da ya gama, na ji kamar in tashi in ruga.

Can tsohon ya ce, "Matar da ka ɗauko hwa?"

"Ta haihu, Baba. Ɗiya mace. Suna nan lahiya."

Tsohon ya shafa fuskarsa da tafin hannu. "Ba ni yi maka ƙarya in ce raina bai so ka tsaya ba. Ɗana ne. Abin da za ya hwaru da ka tsaya, Allah kaɗai ya sani, ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba." Ya numfasa. "Amma kai ne na ƙarshe da ya dube shi, kuma ka tako ka zo. Matso mu yi mai addu'a."

Ba zan ce ranar ya warke ba, ƙarya ce. Sai da na raka shi wurin likita a Gusau, aka daɗe ana yi. Amma ya koma bakin sitiyari, yana nan yana ɗauko marasa lafiya daga Maradun da Kaya, ya kuma koma kirana bokan Turai. In ya zo daidai wurin nan yakan yi shiru, duk wanda ke motar ya san kada ya yi masa magana.

Abin da na koya shi ne, ƙauna ma tana iya fama wa mutum ciwo in ba a lura ba. Duk waɗanda suka cika zauren nan masoyansa ne, ba wanda ya zo da mugun nufi. Amma labarin tashin hankali ba goro ba ne da za a miƙa wa duk wanda ya yi sallama. Yana da mai shi, kuma in ya tashi bayarwa shi ya san kunnen da zai ba. Shi ya sa yanzu in na je jaje, nakan ce barka da arziki, in yi addu'a, in kama bakina in zauna.