Zaɓen Farko a Filin Khumra

Don me bai ɗauki ɗanmu ba, alhali ranar shi aka ba zaɓen farko? Shekara uku ke nan da rasuwar maigidana, kullum ina kuka ina yi masa addu'a, amma wannan tambaya ta ƙi barina. Ni ban yi karatu ba. 'Yar ƙanwata da ta zo umara ce take rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce kada ta gyara mini hali, ta sa shi yadda yake.

Daga Damagaram muka zo aikin hajji, muka zauna a Jidda. A unguwar Ammariyya na haifi ɗanmu na fari. Daga baya kafilin maigidana, wato ubangidan da ya tsaya masa kan takardun zama, ya mayar da shi sitonsa na kayan gini a unguwar Khumra, muka tattara muka koma can. Bayan siton akwai fili mai ƙasar gishiri, da raga biyu da aka haɗa da bututun ruwa. Kowace Juma'a bayan la'asar mazanmu suna can suna ƙwallo. Ƙungiya huɗu ce, mutanen Nijar da na Cadi da Hausawan Sudan duk a gauraye. Maigidana ya bar bugawa tun da gwiwa ta kama shi, sai ya zama shugaban ɗaya daga ciki.

Suna da tsarinsu. Bayan kowane hajji mutane kan watse, wani iƙamarsa ta zaman ƙasa ta ƙare, wani kafili ya kai shi wani gari, wasu yara kuma sun taso. Sai shugabannin huɗu su sake rabo. Kowa ya riƙe mutum uku nasa, sauran da sababbi su jeru a tsakiyar fili. A kawo ƙusa huɗu a dunƙule a hannu, wanda ya zaro mafi gajarta shi zai fara. Kuma ba a nuni da yatsa. Sai ka kira sunan mutum da na ubansa da ƙarfi kowa ya ji, don masu suna iri ɗaya sun yi yawa.

Shekarar da nake magana, ɗanmu yana da sha tara, karonsa na farko cikin manya. Mai tsaron baya ne, ƙirjinsa kamar na ubansa. A shekarar ne kuma ɗan maƙwabciyata, Bahaushiyar Sudan, ya shiga. Shi sha bakwai gare shi, siriri, ƙafafu kamar muciya. Ɗan tsakiya ne mai raba ƙwallo, bai taɓa karawa da manya ba.

Ran Alhamis da yamma abokin maigidana ya zo shan shayi. Bakanike ne mutumin Cadi, shi ma shugaban ƙungiya. Ina kicin ina jin su.

Ya ce, "Alhaji, in ƙusa ta faɗo maka gobe, wa za ka ɗauka?"

"Sai in gaya maka? Kai da ko taya ba ka iya ɗaurewa ta kai Makka?"

"Riƙe sirrinka, tsoho. Ni baya nake fara ɗinkewa, gola da masu tsaro. Ka kwashi ɗan tsakiya tun farko, wa zai kare maka shi? Wata biyu za a mayar maka da shi a buhu."

Maigidana ya yi dariya. "Masu tsaron baya ko yanzu na leƙa bakin sito zan kwaso goma. Amma wanda yake ganin fili duka tun kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa, sai a shekara goma ba a samu ɗaya ba. In ka gan shi ka ɗauka, ba a jira."

Ɗanmu ne yake zuba musu shayin. Na leƙo na ga ya cika kofi har ya zube a faranti.

Washegari shi ya fara dawowa, tun kafin magariba. Ya tsaya a bakin kicin da takalminsa a hannu. Hausarsa takan gudu, Larabci ya shigo, in ransa ya ɓaci.

"Ummi, khalas, shi ke nan. Abuya ya zaro gajeriyar. Ya kalle ni, wallahil azim ya kalle ni, sai ya kira ɗan maƙwabta."

"Kai fa?"

"Bakanike ne na biyu. Ya kira ni, ya kira sunan Abuya a kai, yana dariya. Kowa ya tafa."

Ruwa kawai na miƙa masa. Wannan shirun nawa har yau yana ci mini rai.

Da uban ya shigo ya zauna yana cire safa, bai kalle ni ba. Ya ce, "Na ɗauka ba wanda zai taɓa shi sai zagaye ya dawo kaina. Wa ke ɗaukar ɗan mutum a gaban ubansa?" Na ce, "Ga shi an ɗauka." Iyakar abin da bakina ya iya ke nan.

Mu haka aka tashe mu. Ɗan fari ba ka kiran sunansa, ba ka yabonsa, ba ka tsaya masa a gaban mutane. Tun da na haife shi "yaron nan" nake cewa, ubansa kuma "kai" kawai. To amma shi a Jidda ya buɗe ido, inda da sunan ɗan fari ake kiran uba, yana amsawa yana murmushi. Abin da mu muke kira kunya, shi bai ga komai a ciki ba sai cewa ubansa ya dube shi a tsakiyar fili ya wuce.

Daga nan kishi ya shige ni, kuma ba zan ɓoye ba. Sunan yaron can ya cika mini gida. Da safe sunansa, a kan abinci sunansa. Yau ya ba da ƙwallo da dunduniya, gobe yana bukatar ya ƙara ƙiba. Kowace Juma'a a gidana yake cin abincin rana, maigidana yana tura masa tsokar nama gabansa yana cewa, "Ci, ɗana, iska za ta ɗauke ka." Ɗana. Nawa yana gefe yana cin shinkafa kansa a ƙasa.

Ni nake wanke rigunan ƙungiyar, shuɗaye goma sha biyar. Rigar ɗana ja ce yanzu, matar bakanike ke wanke ta. Mai lamba goma, ta yaron can, nakan bar ta ƙarshe, in ruwa ya yi datti sabulu ya mutu. Uwarsa kuwa baiwar Allah ba ta san komai ba. Ta riƙa aiko mini da kisra, wainarsu ta Sudan, da miyar kuɓewa don godiya, ni kuma in ba masu gadin sito ko buɗewa ban yi ba. In mun haɗu a bakin shago ta ce, "Hajiya, Alhaji ya zama uba ga yaron nan." In ce, "Ai kuwa." In dawo gida kaina yana sarawa.

Shekarar farko bakanike ne ya yi gaskiya. Bayan ƙungiyar maigidana a buɗe yake, ana ta zura musu. Yaron can kuma kowa ya samu sai ya kwashe masa ƙafa. Allah Ya yafe mini, duk Juma'ar da aka ci su nakan ƙara mai a miya. Ranar da suka haɗu da jajaye, an ce ɗana bai bar shi ya juya ko sau ɗaya ba. Na zauna ina jiran uban ya ce wani abu. Ya shigo ya ce a dafa ruwan zafi, za a gasa wa yaron idon sawu.

Shekara ta biyu abin ya juya. Yaron ya yi ƙwari, maigidana ya samo masa masu tsaro, har daga wasu unguwanni ake zuwa kallo. Sau ɗaya na gani da idona. Muna dawowa daga asibiti ƙanen maigidana ya tsaya da mota a bakin filin, na ɗaga labulen taga. Ƙwallo ta zo wa yaron, mutum uku sun rufe shi, bai ko ɗaga kai ba ya tura ta wani wuri da ba kowa. Sai ga mutum ya ɓullo daidai wurin. Na ji "kai!" ta fita daga bakina. Na saki labulen, na ji haushin kaina har muka isa gida.

Zagaye bai sake dawowa ba. Kowace shekara ɗana yana cikin ukun da bakanike yake riƙewa, har ya bar ƙwallo ya yi aure ya koma unguwar Safa. Bai taɓa yi wa ubansa rashin kunya ba. Yana zuwa gaisuwa, yana kai shi asibiti, yana sumbatar kansa. Amma maganar ƙwallo ta mutu a tsakaninsu, ita ce kuwa kaɗai maganar da ubansa ya iya yi da mutum har ya saki jiki. In an sa wasa a talabijin sai ɗana ya tuna yana da aiki.

Shi ma yaron can bai je ko'ina ba. Takardunsa ba na 'yan ƙasa ba ne, ya ƙare da shagon gyaran waya. Da ciwo ya kwantar da maigidana, duk Juma'a yana zuwa, ga furfura ta fara fito masa. Ya zauna a bakin gado su yi ta tuna wane ya ci, wane ya zubar, tsohon yana kiran sunansa yana dariya har tari ya sarƙe shi. Ɗana yana tsaye a bakin ƙofa da ledar magani. Ina da jikoki a lokacin, amma abin da na ji a ƙirjina shi ne dai na ranar farko.

Wata Juma'a bayan sun fita, la'asar ta yi sanyi, na zauna ina shafa masa mai a ƙafa. Na ce yau ko kunya za ta kashe ni sai na tambaya.

"Alhaji, ranar ƙusa. Don yaron can ya fi shi ne, ko don bakinka ya kasa?"

Ya kalli silin, sannan ya ba ni amsa. Kafin magariba numfashinsa ya yi nauyi aka tafi da shi asibiti, kwana biyu bai farfaɗo ba har ya cika, don haka abin da ya faɗa mini a lokacin shi ne na ƙarshe. Na faɗa wa ɗana rabin farko, ya fita baranda ya daɗe. Rabi na biyu ban faɗa wa kowa ba sai yau. A ranar, maigidana ya juyo ya kama hannuna da man a jiki, ya ce:

"Hajiya, sunansa ya zo har kan harshena, na ga mutane, na kasa. Amma fa yaron can ya iya raba ƙwallo. Ke ma kin gani."