Man da Ba Ya Cin Tagulla

Duk lokacin da na ji warin man zurma, sai Kakana ya faɗo mini a rai. Mu yaran gidanmu na Zongo mun san man nan ta hanya biyu: ana ɗura mana shi in ciki ya ɗaure, ana kuma zuba wa tsohuwar motarsa ƙirar Faransa. Mu muna kuka, ita tana lafiya lau.

Tsakanin ƙafafun bayan motar akwai wata tukunyar giya, wato akwatin ƙarfen da ke juya ƙafafun. A cikinta ƙarfe mai murɗe kamar sukuru yake juya faifan tagulla mai haƙora. Kaka ya ce faifan nan shi ne ran motar, kuma ko ka zagaye Suame kaf, unguwar makanikai da muke kira Magazin, ba ka samun wani. Motar ce ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke ɗauko baƙi daga tasha.

Da idonsa ya mutu, makulli ya koma hannun Kawu, ƙanen mahaifiyata. Maganar Kaka ma ta fara komawa baya a gidan. Ana gaishe shi, ba a neman shawararsa. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Wata damina Kawu ya canja wa tukunyar mai, ya zuba na zamani irin na motocin haya, tirotiro, bai gaya wa kowa ba. Bayan 'yan makonni, ana yayyafi, muna zaune a baranda, sai ga shi ya shigo da ragowar galan. Kaka ya ɗaga hanci.

"Wa ya kawo warin ruɓaɓɓen ƙwai gidana?"

"Baba, sabon mai ne, mai kyau paa. Duk fita masu gyaran mota na Magazin shi suke sawa."

"Motansu ƙarfe ne. Nawa tagulla ne. Wannan mai cinye shi yake. Juye shi yanzu!"

Kawu ya yi dariya, amma ya shiga ƙarƙashin mota ya tara kwano. Da ya fito da shi fili, sai dariya ta ɗauke. Man yana ta ƙyalli, garin tagulla ne fal a ciki. Aka buɗe tukunya. Kaka ya bi haƙoran faifan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Alhamdu lillahi, bai kai ƙashi ba."

Goggona ta rangaɗa guɗa! Aka wanke tukunyar tas, don man nan biyu ba sa haɗuwa. Kawu ya yi ta yawo har unguwar Dichemso kafin ya samo man zurma irin na dā, kuma bai zuba ba sai da ya kai wa Kaka ya shinshina. Ranar Juma'a Kaka ya zauna gaban mota har unguwar Tafo, hannu a taga, yana amsa gaisuwar mutanen da ba ya gani. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Yau motar tana hannuna, da faifanta na asali. Masu gyara yanzu na'ura suke jona wa mota ta faɗi ciwonta, ban kuma raina musu ba. Kawu kuwa ya tsufa, jikoki sun fara yi masa gaisuwar wucewa. Ni ban taɓa kwance ko ƙusa ɗaya a motar nan ba sai na je na durƙusa na tambaye shi.