Kwalaben Sauron Farfesa

Wai Farfesa ta bar injiniyanci ta buɗe wa sauro makaranta, har an samu wanda ya zo na ɗaya. Ɗan kawunta direba ne ya yaɗa labarin a dangi, kowane gida da irin gishirin da ya ƙara. To, ƙarya ce tsagwaronta. Sauro ba ya karatu, ita ce take karantar sa.

Tun tana ƙarama ba ta iya zama wuri ɗaya ba. A aike ta ɗebo ruwa, sai a tarar da ita tsugune tana ƙirga ɗigon famfo. Ta girma ta karanci bututu da tankuna, ta shekara ashirin tana yi wa ɗalibai tsawa cewa yoyo abin kunya ne ga injiniya. Daga baya ta gano lissafin cikar tanki zai iya faɗin yadda sauro ke yawaita bayan ruwan sama, sai ta buɗe darasi a kai.

Shugaban sashensu ya ce wannan ba injiniyanci ba ne, soke shi zai yi. Ta ce ya ba ta kwana tara. Ta zuba tsutsar sauro a kwalabe goma sha biyu, ta rufe da raga, ta rubuta a allo: ranar tara za su yi fiffike. In ba su yi ba, ya soke. Ta damƙa wa ɗalibai kwalaben, ta yi alkawarin ko leƙawa ba za ta yi ba, kada a ce ta sa hannu.

Kwana takwas tana safa da marwa, ofis, aji, ofis. Direban ya rantse takalminta ya haƙa rami a baranda.

Ranar tara shugaban ya harɗe a bayan aji. Aka kawo kwalabe. Ko motsi babu a ciki. Babu raga, sai murfi, an naɗe kowanne da salatif ninki uku.

"Wa ya yi wannan?"

"Mu ne, Malama," in ji wata ɗaliba. "Ragar duk huji ce. Ke kika ce ba a barin yoyo."

Farfesa ta rufe ido, ta buɗe, ta goge rabin allo.

"To, madalla. Iska nawa ce a kwalbar? Ku lissafo mini ranar da suka mutu."

Aji ya kacame, wasu na cewa huɗu, wasu shida. Shugaban ya kasa daurewa, ya taso ya fizge alli.

"Biyar ce, ku matsa ku gani!"

Lokaci ya ƙare yana ta rubutu. Maganar sokewa ba ta sake tashi ba.

A mota direban ya marairaice fuska.

"Yaya, an ce ɗalibanki sha biyu sun rasu a aji. Yaushe za mu zo gaisuwa?"

"Su dai sun daure kwana biyar," in ji ta. "Kai da aka sa ka makaranta, a kwana na uku ka haura taga. Ja mota."